Hanji da iskar NO bayan zubar jini: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Kowane zango sai ɗalibai sun zo mini da waɗannan tambayoyin game da iskar NO da abin da take yi wa hanji bayan zubar jini. Ga su a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Ita ce iskar dariya?

A'a. Waccan N2O ce. Wannan naitirik oksayid ce, NO. Jiki ke haɗa ta daga wani sinadari mai suna ajinin (arginine), ta sassauta jijiyoyin jini, ta ɓace cikin 'yan daƙiƙu. Saboda ita aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Ku daina haɗa su.

Ina ruwan hanji da jinin da ya zuba daga cinya?

Da ruwansa tsundum. Babban mutum na da jini kusan lita 5, kayan ciki kuma su ke shan kusan rubu'in abin da zuciya ke turawa. Da jini ya fara ƙaranci sai jiki ya matse jijiyoyin ciki don ya ceci ƙwaƙwalwa da zuciya. Awon hawan jini zai iya nuna lafiya lau alhali hanji na can yana shaƙewa, domin sau da yawa sai an rasa kusan kashi 30 cikin 100 kafin awon ya faɗi.

NO abokiyar hanji ce ko maƙiyiya?

Ka fara tambayar wa ya haɗa ta. Enzayim biyu, wato sinadaran da ke haɗa ta a jiki, za mu duba: na farko, eNOS, da ke bangon jijiyoyi yana sakin ta kaɗan-kaɗan, ƙananan jijiyoyi su zauna a buɗe, fararen ƙwayoyin jini kada su manne. Shi kuwa na biyun, iNOS, sai bayan sa'o'i da zubar jinin yake tashi, ya yi ta kwararo ta ba ƙaƙƙautawa.

To me zai hana a toshe ta da magani a huta?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma duk wanda ya ba ka amsa a jimla ɗaya bai karanta ba. Hujjar masu son toshewa ba ta banza ba ce. Idan aka mayar da jini, iskar oksijin ta dawo hanji, ana samun wani sinadari mai suna sufaroksayid, shi kuma ya haɗu da NO su zama feroksinaitirait, mai lalata fatar cikin hanji. Katangar ta yi rauni, guba ta bi limfi, ruwan da ke tsatsowa daga naman jiki ya koma cikin jini, ta isa huhu. Yawan NO kuma na sa jijiyoyi su saki har su ƙi jin maganin ɗaga jini. A gwajin ɓeraye, waɗanda aka cire wa iNOS ko aka toshe musu shi kaɗai, huhunsu da hantarsu ba su lalace sosai ba.

Amma fa ɓera ne. Kuma da aka yi amfani da magani irin L-NAME mai toshe enzayim ɗin gaba ɗaya, har da eNOS, hanjin ƙara lalacewa ya yi, an rufe masa 'yar ƙofar da ta rage. A mutane, babban gwajin L-NMMA, wani maganin irin wannan, da aka wallafa a 2004 dakatar da shi aka yi, domin jini ya hau amma mace-mace sun ƙaru. Shok, wato faɗuwar jini mai tsanani, na ƙwayoyin cuta ne wancan, ba na zubar jini ba, don haka ba zan ce hukuncin ɗaya ne ba. Sai dai ya ishe ni gargaɗi. A ganina da wuri hanji neman NO yake, daga baya ta yi masa yawa, kuma a bakin gadon majiyyaci ba ka da agogon da zai nuna maka inda aka tsallaka. Toshe NO ba ya cikin maganin yau da kullum, kada ka rubuta a jarrabawa cewa yana ciki.

An ƙara wa majiyyaci jini, ya farfaɗo, amma ciki ya kumbura, hanji ya yi shiru. An yi kuskure ne?

Kwantar da hankalinka, ba lallai ba. NO na sassauta naman hanji ma, shi ya sa yakan yi kasala na 'yan kwanaki. Amma a sanar da likitan tiyata yanzu, don kumburi na iya zama jini ne ke zuba a ciki.

A ba shi ƙwayar ajinin tun a hanya?

Haba! Mutum na zubar da jini kana lissafin ƙwaya? Danne raunin, ɗaure shi, a rufe majiyyaci kada ya yi sanyi, a garzaya asibiti. Can za a ƙara jini, a yi allurar tiranekzamik asid, mai rage zubar jini, kafin sa'o'i 3 su cika da raunin.