Fitilar cek injin da tururin fetur: yadda ake gano inda matsalar take

An sa wa motata kwamfuta ta nuna EVAP. Mene ne wannan kuma?

Fetur ba ya zama shiru a tanki. Ko mota tana ajiye, zafi yana sa shi ya riƙa tashi ya zama tururi, kuma wannan tururin mai ne da ka saya da kuɗinka. A motocin da, iska yake bi ya tafi. Da hayaƙi ya dami birane irin su Los Anjalis, sai aka gano cewa tururin fetur yana haɗuwa da hasken rana ya ƙara gurɓata iska, ga kuma sinadarin benzin da ke cikinsa mai jawo sankarar jini. Daga farkon shekarun 1970 Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci su riƙa kama shi. Tsarin da ke wannan aiki shi ne na'urar gwaji take rubutawa EVAP.

Kayansa ba su da yawa. Akwai gwangwani cike da gawayi na musamman, galibi a ƙarƙashin mota kusa da tanki, wanda ke tsotse tururin ya riƙe. Akwai bawul ɗin zuƙa a wajen injin, wanda a rufe yake zama sai kwamfutar mota ta buɗe shi injin ya ja tururin ya ƙone. Akwai bawul ɗin shaƙar iska a jikin gwangwanin, shi kuma a buɗe yake zama sai lokacin gwaji. Sai na'urar auna matsin iskar tanki, da tiyo-tiyon da suka haɗa su, da murfin tanki.

Ta yaya mota take sanin akwai yoyo alhali ba a ga ɗigon mai a ƙasa ba?

Domin ba ruwan mai take nema ba, iska take aunawa. Tun daga ƙirar 1996 motocin kasuwar Amurka suke zuwa da tsarin binciken kai na OBD-II, kuma a hankali aka sa gwajin yoyon tururi a cikinsa. A mafi yawan motoci kwamfuta tana rufe bawul ɗin shaƙar iska, ta buɗe na zuƙa har injin ya ɗan janye iskar tanki, sannan ta rufe duka biyun ta zuba ido. In matsin ya tsaya, lafiya. In ya koma da sauri, iska tana shiga ta wani wuri. Ramin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai: na farko kusan milimita 1, daga baya aka matsa zuwa rabin milimita.

Wasu kamfanoni sun bi wata hanya. Motocin Toyota da yawa suna da ɗan famfo da ke yin gwajin bayan an kashe injin da kimanin awa 5. Saboda haka in ka ji wani gurnani a ƙarƙashin bayan motarka da tsakar dare na 'yan mintoci, kada hankalinka ya tashi, aikinta take yi.

Wannan ne ma ya sa 'yan tokumbon Amurka irin su Camry da Corolla da Accord suka fi kunna fitila a kan wannan matsala. Dokar Turai ba ta tilasta gwajin yoyo irin na Amurka ba, don haka motar Beljiyam tana iya samun tsagaggen tiyo ta yi shiru abinta.

Me lambobin suke nufi, kuma lamba ta isa a sayi kaya a kanta?

Ba ta isa ba, kuma a nan ne kuɗin mutane suke salwanta. Lamba tana faɗin gwajin da ya faɗi ne, ba ta nuna kayan da ya mutu. P0455 babban yoyo ne, P0442 ƙarami, P0456 ƙarami ƙwarai, P0457 kuma kwamfuta tana zargin ba a ɗaure murfi ba. P0441 tana cewa zuƙar tururi ba ta tafiya yadda ya kamata. P0443 matsalar wutar bawul ɗin zuƙa ce, P0446 ta ɓangaren shaƙar iska, daga P0451 zuwa P0453 kuma na'urar auna matsi ce ko wayarta.

Ɗauki P0455. Tana iya zama murfi, ko tiyo da ya zame, ko bawul ɗin shaƙar iska da ƙura ta hana shi rufuwa, ko kuma bawul ɗin zuƙa da ya ƙi buɗewa sam, har kwamfuta ta kasa janye iskar ta ɗauka rami ne babba. Abu huɗu daban, lamba ɗaya. Bakanike da ya ga lamba ya ce maka nan take "Alhaji, gwangwanin gawayi za a canza", ka tambaye shi me ya gwada. In bai gwada komai ba, canki yake yi da aljihunka.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga murfin tanki, don shi ne mafi arha. Cire shi ka duba zoben robar da ke ciki a haske: in ya bushe, ya tsattsage, ko yashi ya manne masa, ba zai riƙe iska ba. Duba bakin tankin ma, ka shafa yatsa ka ji ko akwai tsatsa ko lanƙwasa. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, sau da yawa wuyan tankinsu ya ci tsatsa tun kafin su hau jirgin ruwa. In za ka sayi murfi, nemi na asalin motar. Wanda ake cewa yana shiga kowace mota yakan ɗauru da kyau amma bai cika toshewa ba.

Bayan murfi sai ka tuna aikin da aka yi wa motar kwanan nan. In an canza famfon mai, a ɗaga kujerar baya ko a sauke tanki a duba robar da ke ƙarƙashin murfin famfon. Yara a gareji sukan mayar da tsohuwar roba da ta kumbura, ko su ɗaure ta a karkace. Alamarsa ƙaurin fetur a cikin mota duk lokacin da aka cika tanki.

Motata tana wahalar tashi bayan na sha mai a gidan mai. Da alaƙa?

Ƙwarai kuwa, wannan alama ce da ta fi nuna bawul ɗin zuƙa ya maƙale a buɗe. Man da ke shiga tanki yana tura tururi gaba, ya bi ta bawul ɗin ya cika hanyar iskar injin, sai ka murɗa makulli ta yi ta tari kafin ta kama. Wani lokaci kuma injin yana rawa in mota tana tsaye, har a samu lambar P0171 ko P0172, masu nuna haɗin mai da iska bai daidaita ba, a je ana zargin fulogi da nozul.

Gwajinsa ba ya buƙatar babbar na'ura. A cire soket ɗin wutar bawul ɗin, a zare tiyon da ya zo daga gwangwani, a tayar da injin, a ɗora yatsa a bakin. Tunda babu wuta, dole ya kasance a rufe ruf. In ka ji yana tsotsar fatar yatsarka ko kaɗan, ya lalace. In an ciro shi aka girgiza baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, gawayin gwangwani ne ya farfashe ya biyo hanya. A nan canza bawul kaɗai ɓata kuɗi ne, sai an canza gwangwanin an kuma busa tiyon.

Me ya sa famfon gidan mai yake ta katsewa alhali tanki bai cika ba?

Iskar da mai ke turowa ba ta samun hanyar fita. Ko bawul ɗin shaƙar iska ya maƙale a rufe, ko matatarsa ta toshe, ko gwangwanin ya jiƙe da ruwan fetur. Ƙurar hunturu da hanyoyin karkara marasa kwalta suna cika wannan matata da jar ƙasa, wani lokaci ma zanzaro ne ya yi ɗaki a bakin tiyon.

Jiƙewar gwangwani kuwa da hannunmu muke jawo ta. Famfo ya katse da kansa, sai a ce wa mai zuba mai ya ƙara, a jijjiga mota, a ƙara, har mai ya leƙo baki. Na san dalili: wanda ya kwana a layin mai ba ya son ya bar gurbin ko cokali ɗaya. Amma an bar sarari a saman tanki ne da gangan don mai ya samu wurin kumbura in ya ji zafi. In aka cike shi, ruwan fetur yana gangarawa cikin gawayin da aka yi don tururi kaɗai, ya kashe shi. Idan famfo ya katse karo na farko, a tsaya.

In an duba duk wannan ba a ga komai ba fa?

Sai injin hayaƙi. Ana rufe bawul ɗin shaƙar iska da na'urar gwaji, a tura farin hayaƙi cikin tiyon da matsi mai rauni sosai, kusan rabin fam a kan kowane inci murabba'i, sannan a bi layin da tocila mai haske a wuri mara iska. Ramin rabin milimita yana fitar da siririn zare ne kawai, sai an yi haƙuri ana kallo ta gefe. Kada a yarda wani ya sa iskar kwampireso ta gyaran taya: tana fasa na'urar auna matsi da robobi, ga haɗarin gobara. Ba a kawo sigari ko wutar walda kusa da wannan aiki.

Ba za a goge lambar kawai, ko a toshe tiyon a huta ba?

Gogewa ba gyara ba ce. Abin da ke ruɗa mutane shi ne fitilar ba ta dawowa nan da nan, domin kwamfuta tana da sharuɗɗa kafin ta sake gwaji: mai ya kasance tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari na tanki, injin ya kwana ya huce, kuma a motoci da yawa zafin gari kada ya wuce kimanin digiri 35. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ana iya daɗewa sharuɗɗan ba su cika ba. Haka wanda kullum mansa yana kan jan layi. Sai mutum ya ɗauka an gyara, bayan makonni ta sake kamawa. Saboda haka bayan gyara a koma a sa na'ura a ga ko gwajin EVAP ya nuna ya kammala.

Toshewa kuma ta fi muni. In aka toshe hanyar shaƙar iska, famfon mai yana ja babu iskar da ke maye gurbi, har tanki ya iya lotsawa, famfon ma ya gaji. Ƙaramin yoyo ba zai tsayar da kai a hanya ba, kana iya tuƙi kafin ka samu lokaci. Amma muddin fitilar tana kunne saboda shi, ranar da wata babbar matsala ta taso a injin ba lallai ka ga sabon gargaɗi ba. In kuwa kana jin ƙaurin fetur sosai, ko ka ga jiƙa a jikin tanki, ajiye motar a fili nesa da wuta, a duba ta a ranar.