Shafa wa bututun man nukiliya kuromiyom bai sassauta dokar Amurka ba

Tun da tashar wutar nukiliya ta Vogtle da ke jihar Jojiya a Amurka ta fara gwada sandunan mai masu shafen ƙarfen kuromiyom a 2019, maganganu biyu suke ta yawo. Wasu na cewa an samu bututun da haɗari ba ya yi wa komai, wasu kuma na cewa hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka, NRC, ta ɗaga wa kamfanoni ƙafa. Duk biyun ba haka suke ba.

Ƙwayoyin yuraniyom suna jere ne cikin siririn bututu na haɗin ƙarfen zirkoniyom. Idan ruwan sanyaya ya ƙwace, bututun ya yi zafi, sai tururi ya riƙa cin ƙarfen, yana fitar da iskar haidurojin. Wannan iskar ce ta tarwatsa gine-gine a tashar nukiliya ta Fukushima da ke Japan a watan Maris na 2011. Shi ya sa aka koma shafa wa bayan bututun kuromiyom, wanda kaurinsa bai kai silin gashi ba, don ya rage saurin cin.

Dokar da ake magana a kanta ita ce sashe na 50.46 na ƙa'idojin NRC, tun 1974 take aiki, kuma ta shafi tashoshin da ake sanyayawa da ruwa. Ta ce ko babban bututun ruwa ya fashe, zafin bututun mai kada ya wuce digiri 1,204 a ma'aunin Salshiyas, cin da tururi zai yi masa kada ya wuce kashi 17 cikin 100 na kaurin bangonsa, haidurojin kuma kada ta wuce kashi 1 cikin 100 na abin da zai fito da a ce duk ƙarfen ya cinye. Shafen bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kashi 17 ɗin nan shi ne ke rikita mutane. Ana ɗauka tsatsa ce ta waje, don haka tunda kuromiyom ya tare waje, magana ta ƙare. Abin da dokar ke gudu shi ne gautsi. Iskar oksijin tana ratsa ƙarfen ta busar da shi, idan ruwan gaggawa mai sanyi ya kwararo a kansa sai ya farfashe. Kuma dokar ta faɗa ƙarara: in lissafi ya nuna bututun zai kumbura ya tsage, dole a haɗa da cin da za a yi ta ciki. To, ciki babu shafe. Tururi zai shiga ta tsagar ya tarar da zirkoniyom tsirara.

Akwai kuma wani abu da masu murna ba sa ambata. Da zafi ya ɗan haura digiri 1,300, kuromiyom da zirkoniyom sukan narke tare a inda suka haɗu. Tazarar da ke tsakanin nan da 1,204 ba ta da yawa, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa a bar iyakar inda take. A watan Janairun 2020 hukumar ta fitar da jagora ta musamman ga ma'aikatanta kan yadda za su tantance irin wannan bututu, ciki har da tsagewar shafen da ɓanɓarewarsa.

Batun ɗaga ƙafa kuwa ya samo asali ne daga izinin keɓewa da wasu tashoshi ke nema. Dokar ta kira sunan haɗin ƙarfe biyu kacal, Zircaloy da ZIRLO. Wanda zai yi amfani da wani, kamar M5 na kamfanin Framatome, sai ya nemi izini a ƙarƙashin sashe na 50.12. An keɓe shi ne daga sunan ƙarfen, amma zafi da ci da haidurojin duk sai ya cika su. Nan kam dokar ta tsufa, domin bai kamata ƙa'idar kare rayuka ta rataya a kan sunan hajar kamfani ba. An gabatar da gyara a 2014 don a auna kowane bututu da aikinsa.

Kamfanin da ya gano kuskure a lissafinsa da ya sauya zafin bututun mai da sama da digiri 50 a ma'aunin Faranhait, kwana 30 gare shi ya sanar da hukumar. In ya ƙetare iyaka, NRC na da ikon cin sa tara, ko ta sa a rage ƙarfin tashar, ko a rufe ta.