Waiwaye: Kunya ta fara jinya tun kafin zuwan waya

Duk lokacin da bidiyon wani matashi ya zagaya Sakkwato, magana ɗaya ake ji a majalisu da gidajen rediyo: kunya ta ƙare, waya ce ta kashe ta. Ni kam a ganina, wayar ta tarar da ita a kwance ne.

Farkon labarin sananne ne. Jihadin Shehu Usmanu a 1804, kafa birnin a 1809, 'Yan Tarun Nana Asma'u suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Turawa sun ci garin a 1903, amma zaure bai motsa ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruki na kauce wa hanyar surukinsa.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1967, shekarar da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, sai jami'a ta biyo baya a 1975. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suka kwararo, gari ya tsallake ganuwa, unguwanni irin su Mabera da Arkilla suka yi ta cika da gidajen haya da gidaje masu get, ba zaure, ba dakali. A cikin gari, yaro in ya yi ɓarna a Ƙofar Taramniya, dattijon da ke kan buzu zai ɗago kai: "Kai, ɗan wa na?" Kafin ya isa gida labari ya riga shi. A sabuwar unguwa maƙwabci bai ma san sunan ubanka ba. In ya kuskura ya tsawata maka, uwarka ce za ta fito da mayafi a kafaɗa ta ce ina ruwansa.

A nan asirin tarbiyyarmu ya tonu. Yawancinmu da "mi mutane za su ce?" aka raine mu. Kunyar idon mutane daban take da nadamar da ke hana mutum barci ko ba wanda ya gan shi, wadda malamai suka sa cikin sharuɗɗan tuba. Ta farko sai da ɗan kallo take aiki. Shi ya sa mai tauye mudu ya fi jin zafin kama shi a kan tauyewar, shi ya sa kuma ake binne maganar fyaɗe don kada sunan gida ya ɓaci, yarinyar da aka zalunta ta zama ita ce mai sunkuyar da kai.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, mai kyamara kuma daga baya. Lokacin yaran farko da aka haifa a bayan get sun fara aurensu.