Ba duk abin da ya raɓi baƙin rami ne yake haɗiyewa ba

An daɗe ana cewa baƙin rami, wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa, yana lamushe duk abin da ya matso kusa da shi, shi ke nan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba.

Idan tauraro ya kusanci ƙaton baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurari, jan da ke kan ɓangarensa na kusa yakan fi na ɓangaren nesa ƙarfi, sai ya miƙe ya yage. Kusan rabin tarkacen wurgi ake yi da shi can nesa, ba ya dawowa. Sauran ya riƙa kewaya ramin a faifai mai tsananin zafi.

Wani lokaci, kuma ba kasafai ba, ramin da ke juyawa yakan murɗe layukan maganaɗisun da ke kewaye da shi kamar mai tufka igiya, su harba siririn feshi ta ƙarshensa biyu da gudun da ya kusa na haske. Masana Blandford da Znajek sun bayyana wannan hanya tun 1977. Feshin daga wajen iyakar ramin yake tasowa, wato iyakar da ko haske ba ya iya fitowa daga cikinta. Abin da ya tsallake iyakar kam ya tafi har abada.

A watan Maris na 2011 tauraron ɗan'adam na Swift ya hango irin wannan lamari, aka sa wa lamarin suna Swift J1644+57. An gan shi da tsananin haske ne don bakin feshin ya fuskanto mu.