Ma'anar alamar 🖖 da gaisuwar "Live long and prosper"

Duk mai latsa waya ya taɓa cin karo da wannan hannun a jerin emoji: tafi a buɗe, yatsu biyu sun haɗe nan, biyu sun haɗe can, tsakiya ta wage, babban yatsa ya ware gefe. Wasu suna ɗauka "dakata" ake nufi. Gaisuwa ce, kuma kalmomin da ke tafiya da ita su ne "Live long and prosper", kusan abin da muke nufi in mun ce wa mutum Allah ya ja kwana, ya ƙara arziki.

Ta samo asali ne daga Star Trek, wani shirin talabijin na Amurka a kan ƙagaggen labarin matafiya sararin samaniya, wanda tashar NBC ta fara nunawa a 1966. Cikin matafiyan akwai Spock mai kunnuwa masu tsini, uwarsa 'yar Adam, ubansa ɗan duniyar Vulcan. A 1967 aka fara ganin gaisuwar. Leonard Nimoy, wanda ya fito a matsayin Spock, shi ya kawo alamar hannun, kuma ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. Yana yaro a birnin Boston, a wurin ibadar Yahudawa, aka ce ya rufe ido lokacin sa albarka. Ya saci kallo, ya ga masu sa albarkar sun ware yatsunsu haka. Abin ya zauna masa a rai har girma.

Shirin kansa bai daɗe ba, a 1969 aka tsayar da shi bayan kashi 79. Masoyansa, waɗanda ake wa laƙabi da Trekkies, su suka hana sarar mutuwa. Suka riƙa kallon maimaici, suna haɗuwa, har dubbansu suka cika wani otal a New York a 1972. Wasiƙunsu ne ma suka sa aka raɗa wa wani kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suna Enterprise a 1976, sunan jirgin da ke cikin shirin.

A ganina, abin da ya ba wannan sara tsawon rai shi ne gaisuwa ce, kuma gaisuwa kullum ana bukatarta. Ka ɗaga hannu a cikin taron baƙi, wani ya mayar maka, nan take kun gane juna. Sannan ware yatsun yana da ɗan wuya, sai ka ga mutum yana ta gwadawa yana nuna wa na kusa da shi, alhali bai taɓa kallon shirin ba.

Da Nimoy ya rasu a watan Fabrairun 2015, ɗan sama jannati Terry Virts ya kai hannunsa jikin tagar tashar sararin samaniya, ya ware yatsu, ya ɗauki hoto, garin su Nimoy na can ƙasa.