Ziyolait mai asid ma yana da gefen bes

Ziyolait sinadari ne mai ƙananan ramuka, wanda jikinsa ya ƙunshi silikon, alminiyam da oksijin. An daɗe ana ɗauka cewa ziyolait mai asid, irin wanda matatun mai ke fasa ɗanyen mai da shi, asid ne zalla, babu ɗigon bes a jikinsa. Ba haka ba ne. Duk inda alminiyam ya zauna a gurbin silikon, oksijin da ke kewaye da shi kan ɗauki cajin nagatif. Wannan oksijin shi ne bes ɗin, kishiyar asid, mai hali irin na kanwa, kuma maƙwabcin wurin asid ɗin ne ƙofa da ƙofa.

Takardar gwajin pH ba ta ganinsa, domin a cikin ramukan da faɗin ƙofarsu bai kai nanomita ɗaya ba yake, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Sai a aika ɗan leƙen asiri, ƙwayar sinadari kamar firol. Haidurojin ɗinsa ya kama oksijin, sai alamar N-H, wato mahaɗar naitirojin da haidurojin ɗin firol, ta zame ƙasa a na'urar awo da hasken infirared. Iya zamewa, iya ƙarfin bes. A nau'in ziyolait da ake kira X, mai siziyam ya fi mai sodiyam jan alamar ƙasa.

Sai dai firol ɗan aike ne mai rigima. Ya haɗu da asid mai ƙarfi, sai ya dunƙule ya zama folima, wato doguwar sarƙar ƙwayoyi, ya ɓata awon. Shi ya sa wasu kan juya ga wani ɗan aiken, sinadarin kulorofom.