Tambayoyi kan nazarin tsufa da bambancin halin rayuwa tsakanin dattawan Katsina

Wane irin nazari ne wannan?

Ɗalibi ne, a ce na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, zai ajiye littafi ya shiga Ƙofar Sauri ko Rafindadi. Sai ya fara gaida mai unguwa, sannan ya zauna da dattawa ya ji me suke ci, ina suke jinya, wa ke ɗauke da nauyinsu. A littafi tsufa na farawa daga shekara 60, ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya ke nan. A zaure kuwa zai tarar da manomin da bai kai hakan ba amma gwiwa ta riga ta ƙi.

Idan tsoho bai san shekarunsa ba fa?

Sai a bi ta tarihi. "Baba, da aka canza fam zuwa naira ka yi aure?" 1973 ke nan. "Inna, da Sarki Usman Nagogo ya rasu 'ya'yanki nawa?" 1981 ke nan.

Ai duk tsufa ne, ina bambancin?

Ga tsofaffi biyu a tabarma ɗaya. Ɗaya tsohon ma'aikaci ne, fansho na shigowa ko da da jinkiri. Ɗayan maƙeri ne, ranar da hannu ya gaza ɗaga guduma ranar samu ya tsaya, kuma maganin hawan jini kullum ake shansa, ba ya jiran kaka.

Na mata ya fi ɓoyuwa. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, tumunin dukiya ne rabon mata, kishiyoyi su raba shi tsakaninsu. Wadda take da ɗa mai hali ta huta. Wadda ba ta haihu ba sau da yawa sai ta koma gidan ɗan'uwa, tana lallaɓawa da ɗan ƙuli-ƙuli ko daddawa.

Za su faɗi gaskiya kuwa?

Ba kai tsaye ba. Babu uwar da za ta ce ɗanta ya yi watsi da ita, balle a gaban suruka. Shi ya sa mace ce ya kamata ta shiga cikin gida, kuma ta tambayi abin da ke kusa: "Jiya da dare me aka ci? Wa ya sayi maganin?"

Gwamnati ba ta da alƙaluma ne?

Akwai cibiyar tarayya mai kula da dattawa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa dokarta hannu a 2018. Sai dai rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, don haka mai unguwa da limami sun fi takarda sanin wace tsohuwa ce ke kwana ita kaɗai.